Kakin da Na Ara wa Yayana

Sati biyu kafin mu tafi Yamai, Inna ta ɗora yayana a kan madara safe da yamma. Wata Bafillatana ce ke kawowa daga rugar bayan gari, da ɗuminta, Inna ta tsaya a kansa sai ya shanye ƙwaryar. A wurin matan da 'ya'yansu suka riga suka tafi aiki ƙasar waje ta ji cewa madara tana wanke ƙirji, in aka ɗauki hoto sai ya fito fari tas. Yayana ba ya musu da Inna. Yana sha yana hararata, ni kuwa ina dariya a bayan littafi.

Ya girme ni da shekara bakwai. Da Baba ya rasu, shi ya bar lakwal, wato makarantar boko, ya kama gona, ni aka bar ni na ci gaba. Daga baya ya tafi haƙar zinariya can arewa, ya dawo a rame da wani ciwon ƙirji wanda ya yi watanni sannan ya sake shi. Tun daga nan ya koma kiwo, ya murje, har ana cewa shi kaɗai yana iya kayar da bijimi. Wani mutumin garinmu da ke aiki a wata ƙasar Larabawa ya samo masa kiwon raƙuma da tumaki a can. Shekara biyu yana bin takardu. Faspo ya fito, mai aikin ya aiko da tasa takardar, abu ɗaya ya rage: gwajin lafiya, wanda in babu shi ba a ba mutum izinin zama. A cikin gwajin kuma abin da kowa ke tsoro shi ne hoton ƙirji, don ƙasar ba ta karɓar mai tarin huka.

Ni a lokacin shekarata ta farko ke nan ina koyarwa a wata makarantar firamare a Filinge, ajin ƙanana. Ina son aikin. Ina son lokacin da rana ke shigowa ta tagar ajin, garin alli yana yawo a cikin hasken kamar ba shi da inda za shi. Ina ɗan tari, musamman da safe, Inna ta ce tarin alli ne, duk malaman lakwal haka suke. Rama kuwa tun ina ƙarama ake ce mini sillan kara. Ba wanda ya damu, har ni.

An ba mu hutu a tsakiyar bazara, sai Inna ta ce in raka shi. Faransancinsa ya tsaya inda ya bar lakwal, Zabarmancinsa kuma na cinikin awaki ne.

"Ki zama bakinshi da kunnenshi," in ji ta. "Kada su rubuta mishi abin da bai sani ba."

Muka shiga motar Yamai da sassafe. An ba ni gefen taga. Itatuwan gawo suna tsaye kore shar a cikin gonakin da suka bushe, duwatsun gefen kwari kuma sun yi ja. Yayana bai kalli komai ba. Jakar takardunsa na kan cinyarsa, hannunsa biyu a kanta, har Baleyara, har Yamai. Muka sauka gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta yi aure a can tun kafin a haife ni, mai sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, a bakin titi, Hausarta duk ta cakuɗe da Zabarmanci.

Washegari muka je likita, wato asibitin da aka ce shi ke yin gwajin matafiya. Maza sun cika benci a ƙarƙashin rumfar kwano, kowa da jakar roba ta takardu. Akwai direbobi, akwai magina, akwai makiyaya irin yayana. Kusa da mu wani mutum ne mai furfura a gemu, daga wajen Tondikandia, ya ce karo na biyu ke nan da zai tafi, don haka shi ke ba da fatawa.

"In anka ce ka ja numfashi, ka ja har cikinka shi taɓa baya. Kuma kada ka yi tari gabansu, ko ƙuda ya shige maka maƙogwaro. Haɗiye shi."

"Ƙudan ko tarin?" in ji wani saurayi.

"Duka biyu, ɗan nan. Wanda za shi ƙasar mutane ba ya zaɓen abinci."

Aka yi dariya, amma kowa a hankali yake yin ta, kada ta juye ta zama tari. Na lura da wannan, ya ba ni tausayi. Manyan mutane, masu iyali, suna riƙe da numfashinsu kamar yara a gaban sufeto. Ni ma da nawa tarin ya taso sai na tashi na zagaya bayan gini.

A jikin bango an liƙa wata takarda da Faransanci. Yayana ya ce in karanta masa. An rubuta cewa duk wanda aka kama da maguɗi a gwaji za a sanar da ofishin ƙasar da zai je, a rufe dosiyensa, wato fayil ɗin takardunsa. Na fassara masa, ya gyaɗa kai kawai.

Bayan azahar aka kira shi, na bi shi. Likitar mace ce, mai tabarau, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Ta ɗora hoton a kan wani allo mai haske. Ban taɓa ganin cikin mutum ba sai ranar. Haƙarƙarinsa ya yi kamar tsaikon rumbu kafin a yi masa jinka, tsakanin ƙasusuwan duhu. Can sama ta hannun dama akwai wani farin tabo, bai fi ƙwayar gujiya ba. Ta sa bakin biro a kansa. Ashe a wannan hoton duhu ne lafiya, fari ne abin tsoro.

Na gaya wa yayana. Ya dubi tabon ya ce, "To, madarar Inna ce ta taru wuri guda."

Ban fassara wannan ba.

Likita ta ce tabon zai iya zama tsohon ciwo da ya warke, zai iya zama kuma cuta mai rai. Kaki ne zai raba gardama. In ya fito babu komai, za ta sa hannu ya wuce. Aka ba shi 'yar roba mai jan murfi, aka nuna masa wani lungu a waje. Ya yi kusan rabin awa a can, ina jin yana ta ƙoƙari kamar mai kiran raƙumi. Ya dawo da miyau zalla. Mai labo, wato ɗakin gwaji, ya ɗaga robar ya girgiza kai, ya ba shi wasu guda biyu da sunansa a jiki, ya ce ya kawo na sassafe, gobe da jibi, kafin ya ci komai.

A gida Gwaggo tana tsinke zogale a tsakar gida muka ba ta labari. Ta ajiye tiren.

"Tabo? To ai shi ke nan, ciwon nan na wurin zinariya ne ya bar sawu. Kai yaro, in ka tofa naka, mi ka sani za su gani?"

"Na warke, Gwaggo. Shekara huɗu ban yi tari ba."

"Kai ka san ka warke. Na'urarsu ta sani? Ɗan maƙwabciyata haka sunka yi mishi, har yau yana nan yana tura baro." Ta dubi robobin, ta dube ni. "Sun ce dole gabansu za ka tofa?"

"A'a. Gida sunka ce."

"To walle Allah ya so ka. Ga ɗiyar lakwal nan. Ba ta taɓa shiga rami ba, ba taba, ba goro. Ƙirjinta sabo ne hul, ko leda ba a cire ba. Ta tofa maka mana. Jini ɗaya ne, mi ya raba kakinka da nata?"

Yayana ya ce a'a. Ya ce haram ne, kuma ga takardar bango. Gwaggo ta ce takardar bango ba ta da ido. Suka yi ta ja har la'asar. Ni ina zaune ina taya ta tsinke ganye, amma zuciyata ta riga ta amsa. Ya kamata in faɗi gaskiya a nan: ba Gwaggo ce ta tilasta ni ba. Tun ina ƙarama nake ganin bayansa yana tafiya gona ni ina tafiya lakwal da jakata, ban taɓa samun abin da zan ba shi ba. Karatuna bai taɓa cire masa ko ƙaya ba. Yanzu ga wani abu a jikina da yake bukata, abin da ake tofarwa a ƙasa a take da takalmi. Sai na ji wani irin daɗi, har da alfahari.

"Yaya," na ce, "in naka lafiya lau ne, nawa ma lafiya lau ne. Ba mu canza komai ba. Tsoro kawai munka cire."

Ya daɗe yana kallona. "Haka anka koya muku a lakwal?"

"Lissafi ne."

Bai ce to ba. Ya tashi ya tafi masallaci, ya bar robobin a kan tabarma.

Da gari ya waye, bayan na yi salla, na zagaya bayan ɗakin Gwaggo inda wata 'yar bishiyar lemun tsami take. Iska ba ta yi zafi ba tukuna, kurciyoyi suna kuka a kan katanga. Na buɗe robar na yi tari sau biyu. Abin da yayana ya yi rabin awa yana nema, ni nan take ya zo, mai kauri, ruwan ɗorawa. Na rufe, na nannaɗe a leda, na miƙa masa. Gwaggo ta ce, "Ka gani? Ɗiyar kirki, komi nata da sauƙi." Washegari ma haka. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba, me ya sa mai lafiya zai sami kaki a bakinsa da sauƙi haka.

Kwana uku muka jira. Na kai shi bakin kogi don ya rage tunani. Bai taɓa ganin ruwa mai yawa haka ba sai ta tagar mota. Ya tsaya yana kallon masu wanki sun shanya zannuwa a kan ciyawa, ya ce an ce masa can inda za shi ruwan sha ma a mota ake kai wa raƙuma. Ya ce in ya yi shekara biyu zai sa wa ɗakin Inna kwano, ya daina hawa yaɓe duk damina. Daga nan sai aure. Bai saba faɗin irin wannan ba. Na saurara, ina jin kamar da hannuna a ciki.

Ranar sakamako ba a bar mu a benci ba. Muna zuwa aka ba yayana abin rufe hanci da baki, aka shigar da mu. Likita ta buɗe taga kafin ta zauna. Ta yi magana a hankali, tana tsayawa bayan kowace jimla don in fassara.

Ta ce an sami ƙwayoyin tarin huka a robobin duka biyu, da yawa.

Na ji maganar da Faransanci tukuna, kamar darasi, kamar ba ta shafi kowa ba. Sai da na buɗe baki zan mayar da ita Hausa sannan ta iso gare ni. Na ce, "Ta ce an samu. Cikin duka biyun."

"An samu mi?"

"Tarin huka."

Ido kawai nake gani a fuskarsa, sauran a rufe. Idon ya sauka daga fuskata zuwa wuyana, zuwa hannuwana, kamar yau ya fara ganina.

Likita ta ci gaba, ni ma na ci gaba, don ban san yadda ake tsayawa ba. Ta ce mai wannan kakin ya jima da cutar. Ta ce yana yaɗa ta ga duk wanda ke zama ɗaki ɗaya da shi, musamman ƙananan yara. Ta ce ana warkewa sarai, magani kyauta ne, wata shida ba fashi. Ina faɗa masa "kana da", "za ka sha", "za ka warke", shi kuwa yana jin kowace kalma yana mayar mini da ita da ido. Da ta ambaci yara sai na ga ajina, benci na gaba, yadda nake sunkuyawa a kansu in riƙe hannunsu muna rubuta harafi.

Ta ce ba za ta iya sa hannu ba yanzu. Amma in ya gama magani ya kawo takardar shaidar warkewa, yana iya sake nema.

"Hwaɗa mata ba nawa ba ne," in ji yayana.

Na kawar da kai.

"Ke. Hwaɗa mata naki ne."

Likita ta tambaye ni me ya ce. Na tuna takardar bango. In ya yi shiru, wata shida ne. In ya yi magana, an rufe ke nan. Na ce mata, "Ya ce ya gode."

Ta rubuta takarda zuwa likitar Filinge, ta ce a gwada duk mutanen gidan. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "A fara da ke, madam."

Muna fita ya cire abin hancin ya miƙo mini. "Ke ya kamata ki sa." A titi yana tafiya ta gefen motoci, ni ya sa ni ta ciki, abin da bai taɓa yi ba.

Gwaggo ta yi salati ta yi kuka, ta rungume ni, sannan ta tuna ta sake ni, ta je ta ware mini kofi da cokali. Kafin ta gama share hawaye ta samo wata dabara.

"To ai da sauƙi. Takarda da sunanka take. Kai ka riƙa amso maganin, ita ta riƙa sha. Wata shida, ita ta warke, kai ka samu shaida."

"Gwaggo," in ji yayana, "dabararki guda ta ishe mu bana."

Amma a mota, muna komawa, na ga yana juya maganar. Ni ma ina juya ta. Ba mu da wata dabara.

Inna ba ta yi faɗa ba da ta ji. Ta zauna a bakin murhu, ta ce, "Ni da nike kwana ɗaki guda da ke, ina jin tarin nan kullum, na ce alli ne." Ta kama wuyan hannuna da yatsa biyu, suka zagaye shi har da saura. Abin ya fi mini faɗa ciwo.

Majo, babban ma'aikacin jinyar da ke kula da masu tari a likitar garinmu, dattijo ne, shi ya yi mana lamba muna yara, ya san Baba. Ya karanta takardar Yamai, ya gwada ni da Inna. Na Inna ya fito lafiya. Nawa ya fito kamar yadda muka sani. Ya ɗora ni a sikeli, ya ce ana ba da maganin gwargwadon nauyin mutum ne, kuma a gabansa ake haɗiyewa kowace safiya. Dabarar Gwaggo ta mutu a nan, ba wanda ya ambace ta. Sai ya juya ga yayana, wanda sunansa ke kan takardar.

"Hau sikeli." Ya hau. Majo ya dubi allurar, ya dubi takarda. Ya sa abin sauraro a bayansa, sama da ƙasa. "Yi tari in ji."

Yayana ya yi wani abu mai kama da tari.

"Wanga tarin ango ne gaban surukai. Yi na gaske."

Ya sake gwadawa. Majo ya cire abin daga kunnensa, ya zauna, ya haɗa hannuwa a kan tebur.

"Tun ba a haife ku ba nike sauraren ƙirjin mutane. Takarda ta ce kai ne kake mutuwa, ga ka nan awa bijimin layya. Wadda anka ce rakiya ta yi, iska na ɗaukarta. To ku hwaɗa mini, wa ya tofa cikin robar Yamai?"

Na ce, "Ni ce, Baba majo."

"Madam! Ke da kike koya ma ɗiyanmu?" Ya girgiza kai, ya yi 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. "Na ga masu aron riga, na ga masu aron jaki. Ku kun je kun aro cuta."

Yayana ya ce, a hankali, ko zai yiwu shi ma ya sha maganin wata shidan, don a ba shi takardar warkewa. Ya ce zai iya, ba ya tsoron ɗaci.

Majo ya ce, "Ba gyaɗa ba ce. Maganin nan hanta yake taɓawa. Ba ni ba mai lafiya, kuma ba ni rubuta na warkar da wanda bai yi ciwo ba. Abin da zan iya, in gwada ka da gaske, in rubuta abin da na gani."

Kwana uku yana sa shi shaƙar tururin ruwan zafi da sassafe, ya zagaya filin likita da gudu, sannan ya yi kaki a gabansa. Da ƙyar aka samu. Sakamako ya fito babu komai. Tabon tsoho ne, ya warke tun tuni, kamar yadda shi yayana ya faɗa wa Gwaggo tun ranar farko. Da nasa ya kai, da yanzu yana haɗa kaya.

Majo ya rubuta wasiƙa, ya buga tambari. Ba wata hanya da ta rage sai a koma a faɗi gaskiya, a ga ko za a tausaya. Na ce zan bi shi, ni na yi laifin, ni zan yi bayani. Majo ya ce ba inda zan shiga mota in yi wa mutane tari. Yayana ya ce ko da an bar ni ba ya so.

"Na ga irin fassararki," in ji shi. "Wanga karo da bakina za ni."

Ya tafi shi kaɗai. Ni na fara magani. Kullum da safe in tafi likita da mayafi a bakina, in haɗiye ƙwayoyi jajaye da ruwa a gaban majo, in dawo in kwanta a rumfar tsakar gida inda Inna ta mayar da shimfiɗata don iska. An dakatar da ni daga aji. An duba yarana ɗaya bayan ɗaya, aka sami wata 'yar benci na gaba, aka ɗora ta a kan magani ita ma. Uwarta ta zo gaishe ni da ƙullin hura, ban iya kallon idonta ba. Da rana zazzaɓi kan ɗauke ni sama-sama, in ga gajimare ƙanana suna taruwa ta gabas suna watsewa, in riƙa ƙirga motocin Yamai da kunne.

Kwanansa biyar. Ya dawo ranar kasuwa, bayan azahar, gari cike da kukan dabbobi. Ya gaida Inna, ya sha ruwa, ya zo ya zauna a bakin tabarmata.

"Matsa baya, Yaya. Majo ya ce sai na yi sati biyu."

Bai matsa ba. Na ja mayafi na rufe bakina.

Ya ce ya sami wani a benci ya yi masa tafinta. Likita ta karanta wasiƙar majo sau biyu. Ba ta yi masa tsawa ba. Ta tambaye shi yaya jikina, ta ce tun ranar ta so ta gane. Ta sake gwada shi da kanta, a gabanta, ya fito lafiya. Amma sakamakon farko ya riga ya tafi ofishin ƙasar. Kafin a gyara sai ta rubuta dalili, ita kuma ta ce ba ta sa tambarinta a kan abin da ba haka yake ba. Ta rubuta gaskiya, ta ƙara da roƙo a ƙasa. Ya kai da hannunsa. Ya yi kwana biyu yana zama a bakin ƙofa, sannan aka fito masa da faspo ɗinsa aka ce an rufe dosiye. Ya tambaya har yaushe, aka ce ya manta da zancen. Ya kira mutumin garinmu da ke can, mutumin ya ce mai raƙuman ba zai ƙara jira ba, ya ɗauki wani.

Ya faɗi duk wannan yana karya wani tsinke ƙanana-ƙanana.

Na ce, "Yaya, ka yahe mini."

"Ke kika tofa. Ni na ɗauka na kai, da ƙafata, har sau biyu." Ya zubar da tsinken. "Kin sha na yau?"

"Na sha."

"Duka?"

"Gaban majo."

Inna tana tsaye a ƙofar ɗaki. Ta ce Allah ne ya yi tafiyar nan don a gano ciwona, in ba haka ba da sai dai a wayi gari. Mutane da yawa sun faɗi haka daga baya, har majo, kuma na san akwai gaskiya a ciki. Yayana ya ce, "Haka ne, Inna." Ni dai har yau ban taɓa iya faɗin wannan a gabansa ba. Na warke, na koma aji, yarinyar ma ta warke. Shi ne aka cire wa rabonsa.

Ya ɗan zauna, sannan ya tambayi Inna ko ɗan kawu ya fara sharar gonar. Ashe tun kafin mu tafi Yamai ya ba shi aron gonarmu ta kwari, ya noma ta shekara biyu, tunda shi ba ya nan. Inna ta ce ya fara, har ya kai taki.

"To bari in je in ba shi haƙuri tun ruwa bai sauka ba."

"Ka huta mana, yanzu ka sauka mota."

"In na zauna ba ni iya zuwa."

Ya shiga ɗaki ya ajiye jakar takardun, ya canza riga, ya sa tsohon takalminsa na taya. Rana ba ta yi sanyi ba. Ina kwance ina ganinsa ta ƙofar gida, ya ratsa tsakanin masu komawa ƙauye da jakuna da amalanke, yana tsayawa yana amsa gaisuwa. Na ji wani ya ɗaga murya yana tambayarsa yaushe ne tafiya. Ban ji abin da ya amsa ba. Daminar nan shi ya noma gonar, kuma shi ke noma ta har yanzu.